Gul: Daga Bakin Hanya Zuwa Maƙabarta

Wata shekara ina ɗalibi na hau motar haya da daddare zan tafi gida hutu. An cusa mu kamar buhunan gero, gwiwa na gugar gwiwa. Wajen ƙarfe ɗaya muna ratsa wani daji da babu ko hasken aci-balbal, sai fitilar mota ta hasko wata mata a bakin titi, ita kaɗai, da farin mayafi, tana ɗaga hannu. Direba ko rage gudu bai yi ba. Wata dattijuwa da ke gefena ta ce, "Haba ɗan nan, ka ji tsoron Allah mana, mace ce fa ita kaɗai." Ya ce, "Iya, ki yi haƙuri. Kin ga ƙafarta?" Ta ce ba ta gani ba. Ya ce, "To ni ma ban gani ba, shi ya sa ban tsaya ba." Aka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, kowa ya koma yana motsa baki a hankali.

Babu wanda ya nemi ƙarin bayani a motar nan, domin duk mun san labarin: kyakkyawar mace a bakin hanya, ka ɗauke ta don tausayi, sai ka kai ido ƙasa ka ga kofato. Sai bayan shekaru na gane cewa matar nan ta daɗe a tsaye. Tun kafin zuwan Musulunci Larabawa suna ba da labarinta a hanyoyin fatake, da kofatonta na jaki, kuma su sun ba ta suna. Sunan yana farawa da harafin gaini, wanda Bahaushe ya saba sauƙaƙa shi kamar yadda ya yi a gafara da gaibu da magariba, saboda haka zan rubuta shi Gul. Jam'insa gilan. A tsohon Larabci an fi ɗaukar kalmar a mace, ni ma haka zan bi da ita.

Masu lugga sun mayar da kalmar ga tushe mai haruffa uku: gaini, wawu, lamu. In ka buɗe Lisanul Arab na Ibn Manzur, wanda ya rasu a 1311, za ka tarar ma'anonin tushen suna ta kewaya abu guda, wato a ɗauke mutum ko a halaka shi ta inda bai zata ba. Wanda aka kashe a fagen fama yana kallon takobin da ya sare shi ba ya cikin wannan lissafi. Igtiyal da ake ji yau a labaran tashoshin Larabci in an harbe wani shugaba daga ɓoye, daga nan ya fito. Migwal siririn takobi ne da ake sakawa a cikin bulala, mai kallo ya ɗauka bulala ce kawai. Nisan hamada ma ana ce masa gaul, don yana cinye mai ratsa shi. A Alƙur'ani kalmar gaul ta zo a Suratus Saffat, aya ta 47, inda aka kore ta daga abin shan Aljanna, masu tafsiri kuma suka fassara ta da ciwon kai ko ciwon ciki ko ɗauke hankali, irin ɓarnar da giyar duniya take yi wa mai shan ta a sace.

Akwai reshe ɗaya da ya fi kusa da mu. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya ci karo da kisan gila a babin hukuncin jini. Shi ne a yaudari mutum a ja shi wurin da babu kowa a kashe shi, galibi don abin hannunsa, kuma a mazhabar Malikiyya magada ba su da ikon yafe wa wanda ya aikata shi. Na tuna ranar da muka zo wurin, wani a cikinmu ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan ba shi ne kisan gilla ba?" Malam ya ce, "To da wane ne?" ya ci gaba da karatu. Ni ma ra'ayina ke nan. Sauti ya yi daidai, ma'ana ta yi daidai, ga kuma hanyar da kalmar ta biyo a fili, daga littafin fiƙihu zuwa zaure, daga zaure zuwa kotun alƙali, daga can zuwa bakin kowa. Ke nan Bahaushen da bai taɓa jin sunan Gul ba yana jin ɗan'uwan sunanta duk ranar da ya saurari labaran ƙarfe bakwai.

Abin lura shi ne sunan bai gaya maka kamanninta ba. Bai ce tana da gashi ko ƙaho ko haƙora ba, aikinta kawai ya faɗa. Wannan ya dace da ita, domin ba ta da siffa guda. Larabawa sun ma ciro wani aikatau daga sunan, tagawwul, ma'ana rikiɗa, yau wannan launi gobe wancan. Ka'ab ɗan Zuhair, a ƙasidarsa Banat Su'ad wadda ya rera a gaban Manzon Allah (SAW), da ya so ya kwatanta macen da ba ta tsayawa a kan hali guda, da Gul mai sauya launi ya kwatanta ta. Abu ɗaya ne labaran suka ce ba ta iya ɓoyewa, shi ne ƙafa. Ta zama budurwa, ta zama tsohuwa, ta kunna wuta daga nesa matafiyi ya ɗauka zango ne ya bar hanya ya nufi wurin, amma kofato yana nan.

Mutumin da sunansa ya fi haɗuwa da nata wani mawaƙi ne na zamanin Jahiliyya, Sabitu ɗan Jabir na ƙabilar Fahm, ɗaya daga cikin mawaƙan nan 'yan ta-kife masu rayuwa da hari da gudun tsiya. Laƙabinsa Ta'abbaɗa Sharran, wato wanda ya rungumo sharri a hammata. Wata ruwaya ta ce uwarsa ce ta faɗi haka da ya fita da takobi a hammata. Wata kuma ta ce rago ya tsinta a daji ya saɓo shi, ragon ya yi ta nauyi har ya kasa ɗauka, da ya yar sai ya ga Gul ce. A waƙar da ake jingina masa ya ba da labarin yadda suka yi kiciɓis da dare a wani fili. Ya ce ta ba shi hanya, ta taso masa, ya kai mata sara ɗaya ta faɗi. Tana kwance ta ce ya ƙara. Ya ƙi, domin a imaninsu sara ɗaya ne yake kashe ta, na biyu raya ta yake yi. Ya danne ta har gari ya waye don ya ga abin da ya kashe, sai ga kai kamar na kyanwa, harshe a tsage, ƙafafu a murɗe. Ina son wannan wuri na jiran wayewar gari. Jarumin da ya yi faɗa dare guda bai san da me ya yi ba, sunan abin kawai ya sani.

Ba kowane Balarabe ne ya haɗiye labarin ba. Aljahiz na Basra, wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira, ya kawo bayanin malaminsa Annazzam a cikin Kitabul Hayawan, kuma bayani ne da likitan ƙwaƙwalwa na yau ba zai ƙi sa masa hannu ba. Mutum in ya daɗe shi kaɗai a daji babu abokin hira, tunani yana yi masa yawa, waswasi ya samu wurin zama. Ƙaramin abu ya zame masa babba, kututture ya zama mutum a tsaye, amsa-kuwwar muryarsa ta zama wani yana kiran sa. In ya dawo gida ya ba da labari, mawaƙi ya sa a waƙa, yara su tashi da ita, wanda ya tashi da ita kuma ranar da dare ya yi masa a daji ya riga ya san abin da zai gani. Daga nan sai maƙaryata su shigo, wannan ya ce ya kashe ta, wancan ya ce ya aure ta. Tsoro na daji, in ji Bahaushe. Larabawa da kansu daga baya suka sa Gul cikin abubuwa uku da suke cewa ba a samun su, ita da tsuntsuwar Anƙa'u da amini mai cika alkawari.

A ɓangaren addini magana ta rabu. Akwai hadisi a Sahihu Muslim daga Jabir da ya kore Gul tare da camfi da wasu abubuwan Jahiliyya. Akwai kuma ruwayar Tirmizi game da Abu Ayyub Al'ansari da wata Gul da ke zuwa tana ɗibar masa dabino. Imam Nawawi a sharhinsa ya kawo fahimta biyu: wasu sun ce samuwarta aka kore ɗungurungum, wasu sun ce abin da aka kore shi ne ikon da Larabawa suke ba ta na rikiɗa da ɓatar da mutane. Wannan fage ne na malamai, ni dai abin da ya shafe ni shi ne ko a nan ma gardamar a kan aikin da sunan ya ƙunsa take.

Wasu masana tarihin Iraƙi ta dā suna ganin sunan ya girmi Larabci, suna danganta shi da gallu, wani aljani a rubuce-rubucen mutanen Babila da ke jan mutane zuwa lahira. Kusancin ƙasa yana nan, aikin ma ya yi kama. Amma kalmar da take da 'yan'uwa rututu a cikin harshenta, takobi da hamada da kisa da ciwon kai duk daga tushe guda, ba ta yi mini kama da baƙuwa ba.

Har zuwa nan ba mu ga kabari ba. Gul ta tsofaffin Larabawa 'yar hanya ce, abincinta matafiyi mai rai. Ko a tsofaffin labaran Dare Dubu da Ɗaya haka take. Ɗan sarki ya fita farauta ya ɓace, ya tarar da yarinya tana kuka a daji, ta ce ita 'yar wani sarkin Hindu ce, gyangyaɗi ya kwashe ta ta faɗo daga kan dabbarta ayari ya wuce. Ya goya ta a bayan dokinsa. Da suka zo wani kango ta ce za ta kewaya. Ta daɗe, ya bi sawu, sai ya jiyo tana yi wa 'ya'yanta albishir da saurayi mai ƙiba da ta kawo musu. Ka cire dokin ka sa mota, labarin direbanmu ne.

Wanda ya ja ta zuwa maƙabarta a idon duniya Bafaranshe ne, Antoine Galland, wanda ya fassara Dare Dubu da Ɗaya zuwa Faransanci cikin juzu'i 12 da suka fito tsakanin 1704 da 1717. Rubutun Larabcin da ke hannunsa ya ƙare masa tun ana tsakiyar aiki, masu karatu kuwa suna neman ƙari. A 1709 ya haɗu a Paris da wani saurayi Kirista ɗan birnin Halab, Hanna Diyab, wanda ya zauna ya ba shi labarai da baki. Aladdin da Ali Baba daga bakinsa suka fito. A cikinsu akwai labarin Sidi Nu'uman, mutumin da Halifa Haruna Rashid ya gani yana zabga wa goɗiyarsa bulala ba tausayi, ya sa aka kira shi ya yi bayani.

Sidi Nu'uman ya ce ya auri wata kyakkyawa mai suna Amina. In aka kawo shinkafa, sai ta ciro wani ɗan tsinke ta riƙa tsintar ƙwaya ɗaya-ɗaya tana kaiwa baki, abin da ko tsuntsu ba zai ƙoshi da shi ba. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, a banza. Wani dare ya yi lamo kamar yana barci, ya ga ta zare jiki ta fita. Ya bi ta har maƙabarta, ya leƙa ta kan katanga, sai ga amaryarsa zaune da wata Gul sun tono gawar da aka binne ranar suna ci suna hira. Da ya yi mata maganar washegari ta watsa masa ruwa ya zama kare. Daga baya aka taimake shi ya dawo mutum, ita kuma aka mayar da ita goɗiyar nan. A cikin labarin an tsaya an yi wa mai karatu bayanin cewa irin waɗannan halittu in ba su samu matafiyi ba sai su shiga maƙabarta su ci matattu. Wani masani ɗan Iraƙi, Ahmed Al-Rawi, ya bi tsofaffin littattafan Larabci ya kafa hujja cewa wannan ɗabi'a ta tonon kabari daga littafin Galland ta bazu. Ni in aka tambaye ni, na ga hannun kura a ciki, domin duk ƙasar da ake da kura an san wanda ke tona sabon kabari, kuma an san labarin mutanen da ke rikiɗa su zama ita.

Turawa ba su san hamada ba, ba su san abin da ake nufi da hango wuta daga nesa bayan kwana uku babu ruwa ba. Maƙabarta kuwa kowane ƙauye yana da ita a bayan coci. Saboda haka ɓangaren da suka gane shi suka riƙe. Kalmar ta shiga Ingilishi a 1786 ta littafin Vathek na William Beckford, kuma tun daga lokacin ma'anarta a can ita ce mai cin gawa, har ana kiran mutumin da ke jin daɗin kallon bala'i da wannan suna. A 1968 George Romero ya yi fim ɗinsa Night of the Living Dead a kusa da Pittsburgh ta Amurka, inda matattu ke tashi suna cin masu rai. A cikin fim ɗin da sunan Gul aka kira su. 'Yan kallo da 'yan jarida ne daga baya suka laƙaba musu zombi, kalmar mutanen Haiti da asalinta wani abu ne daban. Haka abin ya juye sarai: mai rai da ke farautar matafiya ta zama mai cin matattu, daga nan ta zama mataccen da kansa. Yaranmu da ke kallon waɗannan finafinai a waya, suna ganin gawa tana jan ƙafa, ba za su taɓa kawo matar bakin titi a ransu ba.

Akwai wani saƙo da ke yawo a WhatsApp, an turo mini shi ya fi sau biyar, wai kalmar alkohol ta Turawa daga Algul take, wai ma'anarta aljani mai cin jiki. Niyyar mai saƙon ta hana shan giya ce, kuma ba ni da ja a kanta, amma kama da wane ba ta wane. Alkohol daga alkuhl ta fito, wato kwallin da mata ke sawa a ido. Masu haɗa magunguna a Turai sun ari kalmar suna kiran duk garin da aka niƙa ya yi laushi da ita, sannan ta koma sunan tataccen abu kowane iri, har a ƙarni na 16 wani daga cikinsu mai suna Paracelsus ya yi amfani da ita ga abin da ake tacewa daga giya. Ana iya bin sawun wannan a rubuce mataki-mataki. Abin da ya ƙara rikita mutane shi ne a Siriya littattafan kimiyya suna kiran sinadarin da gaul, sun ɗauko daga ayar nan ta Saffat. Zaɓi ne mai kyau na masu fassara a zamanin nan, amma bai mayar da shi asalin kalmar Turawa ba.

Inda sunan ya shiga harsunan Turai ba gardama, tun kafin a haifi Galland, shi ne sararin sama. Girkawa sun ga wani gungun taurari suka ce jaruminsu Farsiyus ne riƙe da kan Medusa, macen nan mai gashin macizai da duk wanda ya kalle ta yake zama dutse. Da aka fassara littafin taurari na Baɗlamus zuwa Larabci a Bagadaza, Medusa ba ta da ma'ana ga mai karatu, sai aka sa abin da ya sani. Gungun ya zama Mai Ɗauke da Kan Gul, haka Abdurrahman Assufi ya kira shi a littafinsa na taurari wajen 964, tauraro mafi haske a kan kuma ya zama Ra'asul Gul. Turawa suka gutsure shi ya koma Algol, sunan da masana taurari ke amfani da shi har yau.

Sai kuma aka yi dace mai ban mamaki, tauraron ya zamo mai rikiɗa ne. Geminiano Montanari na Italiya ya lura a 1667 cewa haskensa yana raguwa ya dawo. A 1783 wani saurayi kurma ɗan shekara 18 a birnin York na Ingila, John Goodricke, ya ƙirga lokacin ya ga abin yana da ƙa'ida, ya kuma kawo shawarar cewa wani abu ne mai duhu yake gittawa ta gabansa. Haka ne kuwa: taurari biyu ne ke kewaya juna, duk bayan kwana 2 da awa 20 da minti 49 mai ƙarancin hasken yakan tare mai hasken, Algol ya dushe zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na haskensa, a ɗauki kamar awa 10 kafin ya gama komawa daidai. Sunan dai daga hoton Girkawa ya zo, rikiɗar kuma kyauta ce aka samu a kai.

Ana ganin sa daga nan ƙasarmu ba tare da wata na'ura ba. A watan Disamba, bayan sallar isha'i da kamar awa biyu, ka fita tsakar gida ka nemi Kaza da 'Ya'yanta can sama. Ka miƙa hannu ka auna taƙi guda daga gare su zuwa arewa, ka ɗan karkata yamma. In ka same shi ya dushe, ka duba maƙwabtansa tukuna ka tabbata ba hazo ba ne, sannan ka sake fitowa gobe war haka.